Motar da Na Saya wa Inna

A danginmu ni ake nema idan za a sayi abu mai tsada, saboda ƙwaƙƙwafina. Ni ne mutumin da zai je sayen ragon layya, ya buɗe bakin raguna goma, ya dawo gida hannu rabbana wai sai ya yi tunani. Matata ta daina ba ni cefane tun da masu tumatir suka fara rufe kwandunansu in sun hango ni. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya yi mini uzuri da gaggawa. Abin da na yi, da natsuwata na yi shi, bayan binciken mako uku cur.

Dalilin neman motar kuwa mahaifiyata ce, Inna. Tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Kucheri a ƙasar Tsafe, ta ƙi dawowa wurina Gusau saboda awakinta da 'yan hirarta. Ciwon gwiwa ya sa ta gaba, duk wata sai ta zo ganin likita. Daga gida babur zai fito da ita bakin titi, daga nan ta shiga motar haya, a cusa su huɗu a baya, wani lokaci da ƙunshin kayan wani a kan ƙafarta. Wata rana na je tarbarta a tasha, na ga yadda ta sauko. Ta daɗe riƙe da ƙofar motar kafin ta iya miƙewa, direba yana ta yi mata ihu ta saki zai wuce. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na ce mata, "Inna, in Allah ya yarda, daga damanag ga kin gama shiga motar haya."

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma kallon fuskata in tana magana. Ta kalli wata mai tallan gyaɗa ta ce, "Allah shi hore."

Na sayar da wani ɗan fili da nake da shi a bayan gari, na haɗa da kwasar adashen ofis. Niyyata mota ce ta talaka, mai ƙofa huɗu, irin wadda kowane bakanike zai iya gyarawa a gindin bishiya. Aka ce mini akwai wani Alhaji a Bungudu da ke kawo motocin Kwatano, yana da wata fara mai kyau. Na je ranar Asabar. Farar tana nan kamar yadda aka faɗa, ba ta da aibu. Matsalar ita ce abin da ke gefenta a ƙarƙashin tamfal.

Na tambaya, Alhaji ya yaye tamfal ɗin. Ja ce, 'yar Jamus, ƙofa biyu, tayoyinta masu faɗi, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa ta ga ɓera. Ya ce tasa ce ta hawa, shekara biyu ke nan, amma yana tunanin rabuwa da ita. Ya sa makulli ya tayar. Kajin gidan suka watse, ni kuwa na ji ƙarar a ƙirjina. Ina da shekara arba'in da shida a lokacin, da furfura a gemu, amma na tsaya baki buɗe. Muna 'yan sakandare akwai wani saurayi a unguwarmu mai irin wannan motar, ni kuma ina da keken aro. Ashe abin yana nan a raina duk shekarun nan ban sani ba.

Alhaji ya kashe ta, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Malam, wagga ba taka ba ta. Ga taka can."

Da bai faɗi haka ba, da yanzu ba ni da labarin da zan bayar. A nan take na ji duniya ba wata motar da nake so sai wadda aka ce ba tawa ba ce. Amma tunda ni mai hankali ne, ban yi ciniki ba. Na ce zan yi bincike.

Na ɗauko wani tsohon bakanike, maƙwabcina a Gusau, na kai shi Bungudu. Ya shimfiɗa kwali zai shiga ƙarƙashinta, sai ya ga ko kansa ba zai shiga ba, dole aka ɗaga ta da jak. Ina tsaye ina kallon wannan, ban karanci komai a ciki ba. Ya duba inji, ya shinshina baƙin mai, ya kasa kunne ga salansa, sannan ya goge hannu.

Ya ce, "Inji dai lahiya lau shike. Amma ranad da tay yi tari, ba mu da maganinta nan Gusau. Sai Kano ko Kaduna, wani abu ma sai an aiko daga Ikko. Malam, kana iya ciyad da ita?"

Na ce abin da zan bincika ke nan. Na buga wa masu sayar da kayan gyara waya har suka haddace lambata. Kuɗin fulogi ɗaya nata zai sayi na farar gaba ɗaya, ita kuma takwas take sha. Taya ɗaya ta kai albashin wani. Na roƙi Alhaji ya ba ni ita gwaji, na cika tanki, na je Gusau na dawo ina kallon allurar mai tana sauka kamar ana zuƙa da tsinke. A kowane tudun rage gudu sai na bi a karkace, duk da haka cikinta yana gogar ƙasa.

Duk wani mai hankali da ya ji waɗannan amsoshi zai gudu. Ni kuwa kowace na samo mata magani. Mai? Ai da babur zan riƙa zuwa aiki, mota sai ranar Juma'a da ranar asibiti. Kayan gyara? Ai motar da ba ta lalacewa ba ta buƙatarsu, kuma bakanike da bakinsa ya ce inji lafiya lau. Babbar hujjata, wadda har na riƙa faɗa wa abokan aiki da murya ƙasa-ƙasa, ita ce hanyarmu. Kowa ya san yadda ake bin ta da addu'a a baki saboda 'yan bindiga, don haka mota mai gudu ai kariya ce ga tsohuwa. Matata ta tambaye ni inda yara za su zauna, na nuna mata da hannu yadda kujerar gaba ke lanƙwashewa a shiga baya. Ta dube ni ta ce, "To." So hana ganin laifi, na ɗauki wannan "to" a matsayin amincewa.

Na tambayi bakanike, na tambayi 'yan gidan mai, na tambayi wani lauya da ya taɓa mallakar irinta. Mutum ɗaya ce ban yi tunaninta ba a duk makonnin nan, ita ce wadda nake cewa don ita zan saya. Na biya, na kawo ta gida, na kwana ina leƙa ta ta taga.

Ranar asibiti ta zo a tsakiyar damina. Na sa farar shadda, na fita da sassafe. Ba zan yi ƙarya ba, daga Gusau zuwa Tsafe na ji daɗin da ban taɓa ji ba. In na taɓa totur kaɗan sai in ji kujera ta rungume ni, tirela ta koma baya kamar a tsaye take. Gero da dawa sun yi kore shar a hagu da dama. Har waƙa na yi, ni da ko a biki ba na buɗe baki.

Da na wuce Kucheri na saki kwalta, sai waƙa ta tsaya. Ruwa ya zaizaye hanyar, tayoyin amalanke sun haƙa ramuka biyu sun bar tudu a tsakiya. Ina tafiya kamar mai taka ƙwai, ina jin ƙasa tana kankare cikin motar, kowace ƙara ina tuna farashin da aka faɗa mini a waya. A wata 'yar ƙorama da ko jaki ba ya tsayawa tunani kafin ya tsallake, nan tafiyata ta ƙare. Na fito ina zagaya motar. Manoma masu zuwa gona suka tsaya, suka dogara da fartanyoyinsu.

Wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya leƙa ƙarƙashinta ya ɗago ya ce, "Ɗana, wagga mota ko an manta ba a sa mata ƙahwahu ba?"

Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na tattare shaddata na ƙarasa gida a ƙasa, taɓo har idon sawu.

Na tarar da Inna a shirye tun asuba. Ta ɗaura atamfar da ba ta sawa sai da Salla, matan maƙwabta sun cika tsakar gida. A nan na gane ashe ta faɗa musu zancen motar, ita da ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba. Na yi bayani a daburce cewa motar tana can bakin ƙorama. Ta ɗauki mayafinta. Aka kira mai babur ɗin da ya saba ɗaukarta, ta hau, mata suka biyo mu a ƙasa don su ga motar.

Na buɗe mata ƙofa. Sai a lokacin na kalli kujerar da idon tsohuwa mai ciwon gwiwa. Tana can ƙasa, ta lotsa kamar akushi, mai shiga sai ya durƙusa kusan kamar zai yi tsugunno. Inna ta dafa rufin motar da hannu ɗaya, ta riƙe ƙofa da ɗayan, ta fara sunkuyawa. Gwiwa ta ƙi. Ta miƙe ta sake gwadawa ta baya. A karo na uku na ji wani ɗan nishi ya kuɓuce mata, irin wanda ba ta taɓa bari na ji ba tun da nake.

Na ce, "Inna, bari in ɗauke ki in sa ki."

Ta girgiza kai. Na san ba za ta yarda ɗan fari ya sungume ta a gaban jama'a ba, kuma ko ta yarda, fitowar fa? Ta miƙe a hankali, ta ɗora tafin hannunta a kan rufin motar, ta yi mata addu'a doguwa, ta nema mini tsari daga sharrin ƙarfe da bakin mutane. Mata suna cewa amin. Da ta gama sai ta kalli gonaki ta ce, "A kai ni bakin titi. Likita ba shi jira."

Mai babur ya kai ta. Ni kuma sai da manoman nan suka taya ni juya motar. A bakin titi na tsayar da wata tsohuwar motar haya da akuya a but, na biya kuɗin mutum biyu na gaba don Inna ta miƙe ƙafa. Direban ya dubi jar motata ya ce, "Alhaji, waccan hwa?" Na ce masa ya ja mu tafi.

Haka na bi bayansu har Gusau. Motar hayar tana tafiya tana tari, hayaƙinta yana shigo mini, tawa kuma tana gurnani a ƙaramar giya tana shan mai a banza. In sun tsaya ɗaukar fasinja, in tsaya. In sun tsaya zuba ruwa a lagireto, in tsaya. Gefen mayafin Inna yana kaɗawa ta taga, shi na riƙa kallo. Zan iya wuce su cikin ƙiftawar ido, amma ban ga inda zan je ba. Kunya ta ishe ni, na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba. A hanyar nan na yarda da abin da na ƙi yarda da shi mako uku: wa kaina na sayi motar, na rubuta sunan Inna a kai don kada a yi mini magana.

Bari in faɗi ƙarshen motar yanzu in huta. Ta yi wata biyar a hannuna, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, bakanike bai yi ƙarya ba. Daga baya na samu wani mai bincike irina ya saya, na yi asarar da ba na son tunawa. Abin da ya rage bai kai kuɗin farar ba, kuma ma an riga an sayar da ita. Sai da aka sake wata daminar Inna tana shiga motar haya.

A asibiti ranar, na zaunar da ita a benci na je karɓo kati. Ina dawowa na ji wata tsohuwa da suka saba haɗuwa a layi duk wata tana tambayarta.

"Hajiya, an yi motar kuwa?"

Na tsaya a bayan ginshiƙi da katin a hannu, na kasa ƙarasawa.

Inna ta ce, "An yi ta. Ja ta, awa ba a taɓa hawa ba. Shi yar rako ni tun daga gida, bai bar bayana ba har ƙohwar nan."

Tsohuwar ta ce, "Kai, kin haihu. Allah shi yi mai albarka."

Inna ta ce amin har sau biyu. Sannan ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafarta ta dama, ta gyara mata zama a ƙasa.