Ranar da na bi matata a motar aro

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Mai dariya ya yi a hankali, don ni dattijo ne, ina da jikoki.

Direba ne ni. Na yi tuƙi a wata ma'aikatar gwamnati a nan Abuja har na yi ritaya. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar aka rabu lafiya. Amma wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa manyan darektoci, yana jin hirarsu daga kujerar gaba, ai ya fi wani mai digiri. Haka dai nake gaya wa kaina. Matata kuwa malamar wasannin motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, kuma tun tana budurwa take gudu. Da na je neman aurenta, kawunta ya ja ni gefe ya ce, "Ka dai yi tunani, yaro. Wannan in ta yi yaji ba ka iya kamo ta."

A Orozo muke zaune. Kullum bayan sallar asuba sai ta zura doguwar riga a kan wandon wasanni, ta sa ɗan hijabi da takalmin kambas, ta miƙi titin Karshi. Mutanen unguwa sun yi surutu har sun gaji sun koma gaishe ta.

Sai ciwo ya zo. Jini ya riƙa zubar mata ba ƙaƙƙautawa, ta yi fari, ta rame, matar da ke hawa tudu a guje ta koma sai ta huta tsakanin ɗaki da kicin. A asibiti aka ce ƙari ne ya cika mahaifa, kuma mafita ita ce a cire mahaifar gaba ɗaya. Yaranmu sun girma, ba haihuwa muke nema ba, saboda haka na yi ta cika baki ina cewa ai ƙaramin aiki ne. Ranar tiyata ina zaune a baranda sai wata nas ta leƙo ta ce, "Ina mijinta?" Na shiga. Ta buɗe wani kwano na silba ta nuna min abin da aka ciro, kamar yadda suke nuna wa dangi don su shaida. Jama'a, abin ya kai gwanda babba. Na ce "Masha Allah" don ban san me ake cewa ba, na fito na dafa bango.

Daga ranar na zama likita. Lissafina mai sauƙi ne: abu mai wannan girma ya fita daga cikin mutum, ai ya bar fili. In mai cikin ya yi gudu, hanji da sauran kaya za su riƙa kaɗawa kamar sifana a but ɗin mota, har ɗinki ya ɓalle. Na kai wannan bincike wurin abokina bakanike, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce wallahi haka ne, ko inji aka sauke ba a ba shi wuta. Masana biyu suka haɗu, magana ta ƙare.

Ita kuwa ta fara da taku daga gado zuwa ƙofa, tana dafe da ciki. Daga baya zuwa bakin get, daga baya zuwa kwanar masallaci ta dawo. Watanni suka shige, tafiyar ta yi tsawo, jini ya dawo fuskarta. Wata rana ta dawo daga ganin likita, tana zuba min tuwo ta ce, "Malam, an sallame ni. Ya ce in fara sassarfa a hankali, in na ji ciwo in tsaya. Jibi zan fita."

Na ce, "Hajiya, likitan nan yaro ne. Ya taɓa sauke inji?"

"Ban tambaye shi ba."

"To ni ban yarda ba."

Ta ajiye mara ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tun da aka yi aikin nan, duk wadda ta zo dubiya kallon fankon gwangwani take min. Yayarka ma cewa ta yi in yi haƙuri, na zama namiji. Ban ce komai ba. Abu ɗaya nake so in sani, ko jikin nan nawa ne har yanzu. In ka hana ni, zan zauna, don ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma ka san abin da ka hana."

Na ture tuwon gefe. Na ce ta je, Allah ya tsare. A zuciyata kuwa na riga na gama shiri.

Dabarar ita ce in bi ta a mota daga nesa, in ta faɗi in ɗauke ta sai asibiti. Ta san ƙarar motata tun daga kwana, don haka na je wurin abokina bakanike ya ara min wata da aka kawo masa gyara, baƙa, mai baƙin gilashi, an cire lambarta ta gaba saboda za a yi fenti. Na shimfiɗa ƙaramar katifa a kujerar baya. Na sa zannuwa biyu na ɗaure ciki. Na ajiye motar a bayan masallaci. Duk wannan ni a ganina hikima ce.

Ku tuna, a lokacin ba a maganar komai a yankinmu sai ta masu satar mutane. Kowace unguwa ta kafa 'yan banga, kowa barci yake da ido ɗaya. Ni ma ina cikin masu zama a majalisa suna cewa duk wanda aka kama kada a kai shi wurin hukuma.

Ranar an kwana ana yayyafi, gari ya yi sanyi. Ta fita, na ba ta rata, na shiga mota na naɗe fuska da mayafi saboda ƙirjina ba ya son sanyi. Ban kunna fitila ba don kada ta waiga. Na hango ta a gaba, tana sassarfa a gefen titi, iyafis na waya a kunne, hannu ɗaya yana kai wa ciki ziyara lokaci-lokaci. Duk sanda hannun ya sauka a cikin sai zuciyata ta buga. Ta rage gudu, in taka birki. Ta ƙara, in saki. Idona yana kan rigarta, ina neman inda zai fara jiƙewa da ja.

Shi ya sa ban ga matan Gwari da ke tafe da itace a kafaɗa sun tsaya suna kallona ba. Ban ga ɗayarsu ta sauke kaya ta nufi wurin mai shayi na mararraba ba. Abin da na sani kawai, matata ta sha kwana ta gangara wajen gada, ni kuma ina shirin bin ta sai babura suka tare gabana, wasu suka tare baya.

Wani ƙato da gora a hannu ya buga gilashi. Shi ne shugaban 'yan bangan wurin. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Oga, sauko. Me ya sa kana bin wannan mata?"

Na ce, "Matata ce."

"Matarka ne, kana bin shi ba wuta, ka rufe fuska?"

Na buɗe baki, na ji amsar ba ta da kyan faɗa. Kafin in shirya ta, an fizge ƙofa, an jawo ni waje, hulata ta faɗi a taɓo. Wani ya leƙa baya ya ɗago katifar da zannuwan. Wani ya buɗe but ya fito da igiyar jan mota da wani dogon ƙarfe na abokina. Suka jera su a kan titi. Ni kaina da na dubi kayan nan a jere, na ga in ni ne alƙali ba zan saki mai su ba.

"Ina takardan mota?"

"Ta aro ce."

"Kira matar a waya mu ji."

Na laluba aljihu. Wayar tana gida a jikin caji. Wani ya miƙo tasa ya ce in faɗi lambarta. Jama'a, wace lamba? Suna nake dannawa ta ɗauka.

Daga nan surutu ya canja. Mutane suka yi ta fitowa daga lunguna, wasu da buta a hannu. Wata mata tana cewa irin wannan motar ce ta ɗauki ƙanwarta. Mari ya sauka a ƙeyata, ban ga mai shi ba. Aka zaunar da ni a ƙasa. Na yi ta faɗin sunan limaminmu da na mai unguwarmu, amma na yi nisa da gida, nan ba wanda ya san su. Mai shayi ne kaɗai yake cewa a bi a hankali, tsoho ne, a kira matar tukuna. Wani ɗan acaba ya ce bari ya je ya gaya mata an kama mai binta, ya figi babur. Bai jima ba sai ga shi ya dawo shi kaɗai. Ashe faɗa mata kawai ya yi, wani tsoho ne mai farin gemu da tabon salla, wai har yana cewa mijinta ne. Bai tsaya jin amsarta ba, ya juyo don kada a yi ba shi.

Sai na ji ƙarar abu yana gungurowa a kan kwalta. Taya ce. Wani yaro matashi ya durƙusa gefen babur yana zare tiyon mai yana tara fetur a gorar roba. Warin fetur ya iso ni. Na fara kalmar shahada. Shugaban 'yan bangan yana ɗaga gorarsa yana cewa a dakata, amma na lura muryarsa ta fara nutsewa cikin ta jama'a.

Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango ta. Daga gada zuwa mararraba hawa ne, hawan da mota ma sai an sauya mata giya. Tana tahowa. Ba sassarfar da likita ya ce ba, gudu irin na da, kai a sama, hannuwa suna sara iska, hijabi ya koma baya, kambas ɗaya ya kwance. Kun san abin da ya fito daga bakina, ni da taya ke jingine a kafaɗata?

"Hajiya, ki rage gudu! Ɗinkin!"

Ta ratsa mutane kamar ba ta gan su ba, ta tsaya tsakanina da mai gorar fetur. Magana ta gagara. Ta sunkuya, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a ciki, numfashi yana fita da ƙara. Ni kuwa na manta da taya, rigarta nake dubawa daga sama har ƙasa.

Da ƙyar ta ce, "Mijina ne."

Shugaban ya ce, "Mama, ka tabbata? Kar ka ji tsoro, muna nan."

Ta juyo ta dube ni a zaune cikin taɓo, ba hula, mayafi a wuya. Ta dubi katifa da zannuwa da igiya. Ta daɗe tana kallo, har na fara tunanin ko shawara take yi. Sannan ta ce, "Nawa ne. Da da yadda zan yi in musa, da na musa."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Wanda ya gungura taya ya ɗauke abarsa ya ɓace. Mai shayi ya wanke min hula ya haɗa min shayi mai kauri. Shugaban ya ba ni haƙuri, ya ƙara da nasihar da ni na saba yi wa yara.

Ranar muka koma asibiti. Ɗinki bai ɓalle ba, hanji yana inda Allah ya ajiye shi, amma ta jawo wa kanta ciwon mara da na ƙugu, kuma likita ya yi mata faɗa sosai, ya mai da ita tafiyar ƙasa na wasu makonni. Bai san dalili ba, ita kuma ba ta tona ni ba. Ina tsaye a gefe ina gyaɗa kai kamar ba ni ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, nawa da nata.

Yau in na tuna, ba tayar ce ke hana ni sukuni ba. Makonnin nan ne da na ga tana zaune a tsakar gida da asuba, kambas a gefe, tana jin ƙarar masu wucewa. Wata da watanni ta yi tana gina jikinta taku bayan taku, ni na rushe mata a safiya ɗaya da sunan kulawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, to amma ya duba kada ya faɗa kan wani. Har yanzu tana gudu, ta ma tara wasu matan unguwa suna binta. Ni kuma na daina cewa komai a majalisa in ana maganar wanda aka kama.

Sai dai hali zanen dutse. Ranar da likita ya sake sallamarta, ta zauna a bakin ƙofa tana ɗaure kambas, na tsaya a kanta na gyara murya irin ta darektoci. Na ce, "Hajiya, ni dai a matsayina na wanda ya ga abin da aka ciro da idonsa, shawarata ita ce mai irin wannan rauni ya san iyakarsa."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ja igiyar takalmin ta ƙulle.

"Malam, ni aka yanka, na warke. Kai da aka nuna wa kwano ne har yau kake jinya. Matsa min in wuce."