Taɓarya a Hannun Matar Ɗana

Ranar da jirgin kasuwa ya kife kusa da Wara, matar ɗana tana ciki. Jarkar manja ta rungume har masunta suka tsamo ta. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Aka yi barka, aka yi sadaka, kowa ya watse.

Jikin ne bai ji barkar ba. Da injin jirgi ya yi ƙara a bakin ruwa, sai hannuwanta su dunƙule a ƙirji kamar jarkar na nan, haƙora na haɗuwa, numfashi ya maƙale a wuya. Nan take gida zai taso mata. Wannan ya danne kafaɗa, wancan ƙafa, a lulluɓe ta da zane a tura mata hayaƙi, wai iska ce. Ina gefe ina kallo. Duk dannar da aka ƙara, idanunta ƙara firfitowa suke yi. Wadda ruwa ya shaƙe ita za a shaƙe da hayaƙi?

Na faɗa musu haka. Ɗana ya ce, "Inna, ke ba malama ba, ba likita ba."

"Ni dai na haifi mai bakin gaya mini haka," na ce.

Bayan wata biyu ɗana da mutanen gida suka yanke shawara: ranar Juma'a za a kwance mata goyonta, ɗan wata bakwai, a kai ta gidan iyayenta a Shanga sai ta warke. Ba wanda ya tambaye ni.

Ban yi karatu ba, amma na tsufa cikin awaki. Akuyar da ta kuɓuce wa kare takan tsaya ta yi ta karkarwa, ba mai riƙe ta, ta girgije, ta koma kiwo.

Ranar Alhamis da hantsi injin ya tashi, abin ya kama ta. Na tsaya a ƙofar ɗaki da muciya. Na ce duk wanda ya taɓa ta zai sha wannan. Ta yi ta rawar jiki har gumi ya jiƙa mata riga, ni kuwa ban yi komai ba sai tsayuwa inda za ta gan ni. Da abin ya lafa na fito da ita tsakar gida, na zuba gero a turmi, na jingina taɓarya da dunƙulallun hannuwanta.

"Inna, ba su buɗuwa."

"Wa ya ce ki buɗe? Taka ƙasa da kyau. Ƙasa ce wagga, ba ruwa ba."

Na ɗauki wata taɓaryar na fara daka a hankali, ina sauke numfashi da kowane bugu. Na daɗe ni kaɗai, kafaɗa na ciwo.

Na ce, "Ke, gimbiya, tsohuwa za ta ciyar da ke?"

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta kama. In na ɗaga ta sauke, in ta ɗaga na sauke, har numfashinta ya bi taɓarya. Ta yi kuka, ta yi doguwar hamma, sannan ta ce a miƙo mata ɗanta.

Juma'a ta zo ta wuce, yaro na bayan uwarsa. Ɗana ya ce ai hayaƙin ne ya fara aiki sai yanzu. Maƙwabta kuma suka ce muguwar suruka ce ni, ina sa marar lafiya daka. Su ce.

Har yau ba ta taka bakin ruwa ba, ban kuma matsa mata ba. Da ta ji injin sai ta nufi turmi, ni ma in tashi da ciwon kafaɗata. Garin gero ya yi mana yawa a gidan nan.