Shayin da Inna ta ba ni a kan dutse

Shekarar da Inna ta zo mana Guangzhou, ta iso ne ana tsakiyar baje kolin kaka na Pazhou, lokacin da ni kaina ba na ganin gidana sai da yamma liƙis. Kullum ina tare da baƙi daga Kano, daga wannan rumfa zuwa waccan, ina yi musu tafinta da ɗan Sinancin da na tsinta a kasuwa. Ita kuwa tana zaune a bene da matata da 'yarmu mai shekara goma sha biyu, tana kallon gari ta taga, tana cewa ba ta ga abin da ya raba nan da Kantin Kwari ba, sai dai nan an ɗora shago kan shago har sama.

Ni ne ɗan farin Inna. Don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Da ina yaro ƙannena take aikowa, da na girma na haihu sai 'yata ta gaji aikin. Ko tabarma ɗaya muke zaune, sai ta juya wajen yarinyar ta ce a gaya wa babanki kaza. Idan na gaishe ta, ta amsa tana duban wani wuri. Ban taɓa jin ciwon haka ba, kunyar ɗan fari ce, haka na tarar ana yi a gidanmu.

Wata rana na dawo na same su a kan littafin makarantar yarinyar, suna kallon hoton wani dutse fari fat. Inna ta tambaya ko gishiri ne ko auduga aka shanya. Jikarta ta yi dariya har ta kwanta, ta ce dusar ƙanƙara ce, a yammacin ƙasar nan take. Inna ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce ita duk ƙanƙarar da ta sani biyu ce, wadda ke faɗowa da ruwan sama ta fasa ganyen dawa, da wadda ake sarawa da wuƙa a sayar lokacin azumi.

Sannan ta ce, "Gaya wa babanki ina so in taɓa wannan da hannuna kafin in koma."

Shekaruna duka Inna ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Na ce in Allah ya yarda za ta taɓa. Na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta al'amurana da ajami, na buɗe sabon shafi, na rubuta bisimilla, na fara jera abin da za mu buƙata.

Gidan ya kama da murna kamar ana shirin biki. Muka je kasuwar tufafi ta Shisanhang neman rigunan sanyu. Mai shagon, wata mace mai ƙaramin jiki da babbar murya, ta saba ganina ina ɗibar kaya a dami, da ta ji guda huɗu kawai nake so sai ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce meyo, wato babu. Muka yi ta ja har ta yarda, amma daga dami ɗaya ta zaro, duka launin lemo, duka girma ɗaya. Da muka gwada a gida, hannun rigar 'yata ya wuce yatsunta da taƙi guda. Inna ta sa tata ta ɗora hijabi a kai, yarinyar ta ce wallahi tsohuwa kin koma tukunyar gas. Inna ta ce gara ita, wata kuwa ta zama kabewa mai ƙafa. Matata ta soya dambun nama, ta daka citta da kanumfari na shayi. Inna ta riƙa hawa da sauka a matattakalar bene kowace safiya, wai tana tuna wa ƙafafunta zamanin da take hawa Dala da gudu tana budurwa.

Ranar Litinin muka shiga jirgin ƙasa mai gudu zuwa lardin Yunnan, daga can mota ta yi ta nannaɗe duwatsu da mu har muka isa wani ƙauye da ke gindin dutsen ranar Talata. Muka kwana biyu a can don jiki ya saba da iskar wurin, haka aka ba mu shawara. Jagoranmu wani mutum ne ɗan yankin, fuskarsa ta ƙone da rana da sanyi, ba ya yawan magana. Ya ja mana kunne a kan abu biyu: a yi tafiya sannu, a sha ruwa a kai a kai ko ba a jin ƙishi. Ya ce da rana ta karkata hazo ke rufe hanya, don haka duk inda ƙarfe biyu ta same mu, nan za mu juyo.

Sai da na duba littafina na ga ranar hawan ta faɗo Alhamis.

Tun rasuwar mahaifina nake azumin Litinin da Alhamis, don shi ma haka ya yi har ya koma ga Allah. Na Litinin na yi shi a cikin jirgi ba wahala. Na san matafiyi yana da sauƙi ko a farilla, balle nafila. Amma na ce a raina, ni da nake yini a tsaye a kasuwar titin Guangyuan Xilu cikin zafin da riga ke manne wa mutum a baya, da azumi a bakina, ina jan buhunan kaya, wane ne sanyi da zai kayar da ni? A wurinmu ai zafi ne abokin gabar mai azumi. Ban taɓa jin wanda sanyi ya sa shi ƙishirwa ba. Kafin asuba na ci dabino, na sha ruwa, na ɗaura niyya, ban gaya wa kowa ba.

Muka tashi da hantsi, mu huɗu cikin rigunan lemo, jagora a gaba yana jan alfadari da aka tanada saboda Inna. Ta hau na ɗan lokaci, ta ce dabbar nan ba ta san girman mutane ba, ta sauka ta ci gaba da ƙafa, carbi a hannu, taki ɗaya tasbihi ɗaya. Hanya ta bi ta cikin dogayen itatuwa masu ƙamshi kamar turaren wuta. Muka ƙetare wani rafi a kan gungumen itace, ruwansa garau har ana ƙirga duwatsun ƙasa. Muka ci karo da shanu masu gashi har ƙasa, Inna ta tsaya ta yi salati, ta ce ko dabbobin nan ma Ubangiji ya ɗinka musu bargo. Matata, wadda a gida ba ta son ko hawan bene, ita ce a gaba tana ɗaukar hoto tana kiran mu. Ni ma farin ciki ya cika ni, na riƙa wuce su da tafiyar kasuwa, in koma in taro su, ina karanto ayoyin da suka ambaci duwatsu.

Da muka fita daga cikin itatuwa sai ga dutsen a gabanmu, fari, babba, ya tokare sama. Muka tsaya muna kallonsa. Can 'yata ta daka tsalle tana nuna wa kakarta, Inna kuwa ta ɗaga hannu biyu tana hamdala. Jagora ya nuna mana wani farin layi a saman gangaren, ya ce nan dusar ta fara, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce.

Nan ne kuma kaina ya soma sarawa. Da farko kamar an ɗaura mini rawani an matse. Sai leɓena ya bushe ya tsage, harshena ya yi nauyi. Iskar wurin busasshiya ce, kowane numfashi sai ya tafi da ɗan ruwan jikin mutum, ga shi sai an yi numfashi uku kafin a sami na ɗaya. Duk inda aka tsaya shan ruwa sai in juya baya in yi kamar ina gyara igiyar takalmi. Matata ta lura. Ta matso ta ce a hankali, Malam, ba dai azumi kake ba? Na yi mata alama da ido ta yi shiru, ta yi shirun, amma fuskarta ta canja.

Na koma bayan kowa. Inna da carbinta ta wuce ni ba ta ko haki sosai. Wajen azahar muka tsaya a wani fili muka yi salla, da na ɗago daga sujada sai dutsen ya juya mini, na koma na zauna daɓas.

Jagora ya tsuguna gabana, ya dubi leɓena da farcena, ya miƙo mini gorar ruwa. Na ce na gode, ba na sha. Ya sake miƙowa. Na yi masa bayani da guntun Sinancina cewa yau ba na ci ba na sha sai rana ta faɗi. Ya dubi agogonsa, ya dubi sama. Ya kira ni lawban, kamar yadda suke kiran maigida, ya ce idan ban sha ba yanzu, ba zai ƙara taki ɗaya sama da mu ba, kuma ba zai raba mu biyu ba, gaba ɗaya za mu sauka.

Matata ta tambayi abin da ya ce. Na ce cewa ya yi mu ɗan huta.

Na manta cewa 'yata, wadda ke tsaye a bayana, a makarantar Sinawa take karatu. Ta ce, "Baba, ba haka ya ce ba." Ta juya ta zayyane wa kakarta komai, har da agogon.

Na san hukuncin sarai. Malaminmu na zaure ya karantar da mu cewa wanda ya fara azumin nafila ba ya karya shi da gangan haka kawai, in ya karya sai ya rama. Na san rashin lafiya uzuri ne, amma a lokacin ban yarda ba ni da lafiya ba, gani nake in an bar ni minti goma zan miƙe. Ga farin layin nan a sama, har ana ganin ƙyallinsa, ga tsohuwar da ta taso tun daga Kano, ga kuma ni a zaune na tare hanya. Sai na ce a ba ni minti goma.

Inna ba ta dubi dutsen ba. Ta karɓi filas daga hannun matata, ta tsiyaya shayi a murfin. Na ga ta juya wajen jikarta kamar yadda ta saba, har yarinyar ta miƙa hannu za ta karɓi saƙo. Sai Inna ta fasa. Ta tako da kanta, ta durƙusa a gabana da ƙyar saboda kaurin rigar, ta dube ni cikin ido.

Ta ce, "Kai. Karɓi ka sha. Ni na ce ka sha, ni da na haife ka."

Ta zaro dabino uku daga aljihunta ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce mahaifina ma sau ɗaya uwarsa ta sa shi ya karya azumi a gona, bai yi mata musu ba, ya sha.

A karatun nan dai da na riƙe, an ce idan uwa ko uba suka umarci ɗa ya karya nafila don tausayinsa, ya bi su, babu ramuwa a kansa. Na sha karantar da wannan ga wasu. Amma ba shi ne ya fara zuwa raina ba. Abin da na ji shi ne muryar Inna ta nufo ni ba ta bi ta kan kowa ba, ina da furfura a gemu. Na yi bisimilla na sha. Citta ta ratsa maƙogwarona, na ji ɗuminta har yatsun ƙafa. Na sha murfi uku, na bi da ruwa, na ci dabinon, jagora ya sa na shaƙi iskar gwangwani da yake ɗauke da ita. Ya jira har ya ga launin leɓena ya dawo, ya sa na taka a gabansa ya gani, sannan ya ce mu tafi, amma ni zan hau alfadari.

Haka aka yi. Maigida a kan alfadarin da aka tanada don tsohuwa, tsohuwa a ƙasa da carbinta, 'yata tana ta ɗaukar hoto tana cewa sai ta tura wa duk 'yan uwa na Kano. Ban hana ta ba, dariya nake ni ma, ƙarfina yana dawowa kaɗan kaɗan.

Muka isa saura kaɗan ƙarfe biyu. Inna ta cire safar hannu, ta sunkuya ta damƙi dusar, ta yi ƙara ta watsar, ta sake damƙa. Ta ce ashe laushi gare ta kamar garin shinkafa. Ta ɗanɗana, ta shafa a fuska, ta cusa wa jikarta a wuya, yarinyar ta rama, matata ta shiga rabo aka haɗa da ita. Na sauko na tsaya ina kallonsu ina tasbihi. Kafin mu juyo Inna ta sa aka juye sauran shayin aka cika filas ɗin da dusa, wai za ta kai wa maƙwabtanta su gani. Ko ƙauyen ba mu kai ba ta narke. Ta ce ba komai, ruwan ma tsaraba ne, aka juye mata a 'yar gora ta ƙulle cikin kayanta.

Muka koma Guangzhou, na koma kasuwa. Ranar Laraba da la'asar ina zaune ina rubuta tafiyar nan a littafina don kada in manta, Inna tana gefe tana tsince shinkafa, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba. Sai na ji ta kira jikarta daga ɗaki.

Ta ce, "Gaya wa babanki gobe Alhamis. Na jiƙa masa gero, a dama masa kunun sahur."