Tsohon da Ya Tofa wa Kyamara Yawu

A shagon kayan nutso na tsibirin Kalimnos, wani tsoho yana jujjuya kyamarar cikin ruwa da yatsun da gishiri ya cinye. Da ganin kafaɗunsa, a tsamo soso daga ƙasan teku ya tsufa. Sai ya tofa wa gilashinta yawu ya murza, yadda masu nutso suke yi wa gilashin fuska kada ya dushe.

"Haba Baba Sakelaris!" in ji mai shagon. "Inshora ba ta biyan yawu!"

"Ta biya in kyamarar ta suɓuce, 'yata, hannuna rawa yake." Yana dariya. "Tun aurenmu tsohuwata ke cewa ƙarya nake, babu lambu a ƙarƙashin teku. Gobe za ta ga furanninsa a hoto, ta ba ni haƙuri."