Jajjagen Kaka Delu

A Riyad aka haife ni, a unguwar Badi'a, kuma har na kai shekara tara Hausata a karye take. Babanmu direba ne, mu kuwa daga makaranta har bakin titi Larabci muke yi. Mahaifiyarsa, Kaka Delu, ita ce ba ta yarda a yi mata wani yare a gida ba. Balarabiya take kirana don tsokana.

Duk shekara idan tumatir ya yi araha, Baba kan shigo da shi kwali-kwali. Da la'asar sakaliya sai mu hau saman bene, Kaka ta kunna murhun gas, ta ɗora babbar tukunya. Aikina wanke kwalabe, ita ta tafasa su har da murafensu. Tumatirin sai ta babbaka shi ta sulluɓe ɓawon, ta jajjaga shi da attaruhu da albasa da tafarnuwa, ta zuba gishiri, ta matse lemon tsami ba ƙyashi, don a cewarta tsamin ne ke hana shi lalacewa. Da zafinsa take ɗurawa, ta bar wurin yatsa ɗaya a wuyan kwalba, ta goge bakin, ta rufe, ta mayar da su cikin ruwa su sake tafasa. Maƙwabtanmu Larabawa na ce masa daƙƙus. Ita jajjage ta sani.

A wannan jiran tafasar ne take yi mana tatsuniya, bayan an idar da magariba.

"Ga ta nan, da zafinta ta iso," in ji ta. "Balarabiya, buɗe kunnenki na Hausa."

Wata bazawara ce ta noma tumatir a bakin fadama, ya yi kyau har kwanduna suka kasa mata. Dila, dillalin garin, ya zagaya ya hana kowa saye a hannunta. Kullum da safe sai ya zo ya danna tumatirin da yatsa ya ce, "Bari sai gobe, zai fi laushi." Rana ta uku ya ce ta ba shi duka a kan mudun dusa, tunda jibi sai juji. Ta ce ya dawo da jakunansa da safe. Yana juya baya ta nufi daji neman itace. Ta wuni tana dafawa, ta cika tuluna, ta malala man gyaɗa a sama, ta liƙe bakinsu da laka. Dila ya zo ya tarar da kwanduna a kife. Da damina ta kankama tumatir ya ɓace a kasuwa, miyar kowa ta yi fari, har matar Dila ta aiko da ƙwarya.

"Ta ba su?" na tambaya.

"Ta ba matar ludayi biyu, ai ba ita ta yi laifi ba. Shi kuwa da ya zo da kansa, sai ta ce ya bari sai gobe, zai fi laushi. Ƙurunƙus, murfi ya kama."

Sai mu yi shiru muna sauraron kwalaben da ta jera su huce. Kowace ta kama sai murfinta ya ce ƙwas. Wadda ba ta yi ba, ita za a fara ci da shinkafa.

Kaka ta rasu ban gama sakandare ba. Da na girma na sami aiki a kicin ɗin wani gidan abinci kusa da unguwar Dira, na riƙa yi musu jajjagenta. Suka sa masa suna salsa, mutane suka riƙa zuwa dominsa. Wata rana manajan ya ce in rubuta yadda ake yi, in koya wa ma'aikatan da ke sitonsu a unguwar Sulay, za su riƙa ɗurawa da sunan gidan. Na tambayi inda sunana zai fito. Ya yi dariya.

Daga nan iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta maƙale a teburinsa. Duk ranar da na yi maganar sabuntawa sai ya ce, "Bukra, in sha Allahu." Goben nan ba ta zo ba har wa'adin ya cika. Ranar ya turo mini farar takarda da biro.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. A Riyad na buɗe ido, ban san hanyar ko'ina ba a garinmu na asali. Baba ma cewa ya yi, "Hafsatu, rubuta masa. Miya ce fa, ba gona ba."

Na ce, "Baba, ita ce gonar da mahaifiyarka ta bar mini."

Ban rubuta ba. Na ɗura kwalabe a gida, na riƙa bin masu dafa abincin biki ɗaya bayan ɗaya. Uku suka sallame ni daga bakin ƙofa. Ta huɗun ta ɗanɗana, ta nemi ruwa, ta sake ɗanɗanawa, sannan ta tambayi wa ya koya mini. Da yake manajan ne ya bar takardata ta ƙare bai sabunta ba, sai ga shi doka ta ba ni damar komawa aiki wurin matar nan ba tare da sa hannunsa ba.

Da ina yarinya na ɗauka daɗin labarin nan a ramuwar yake. Sai da na ga kaina a gaban teburin mutumin nan na gane inda Kaka ta dosa: matar ba ta tsaya roƙon Dila ko zaginsa ba, itace ta tafi nema tun da sauran rana. Mai jiran ka ruɓe ya riga ya yanke cewa ba ka iya komai ba sai jira.

Manajan ya kira ni sau biyu bayan haka, wai mu zauna mu fahimci juna. Ban je ba. Ina da tukunya a kan wuta.