Hular Haƙorin Yaya

Shekara talatin da ɗaya Mai Tangaran ya yi yana ƙera hular haƙori a wani ɗan ɗaki a bayan asibiti, kuma ko rabin masu tauna da aikinsa bai taɓa gani ba. Likita ce ke auna bakin mutum, ta aiko masa da samfuri. Shi kuwa ya kwaɓa garin tangaran, ya riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan da ɗan burushi, ya sa a injin gashi, ya fitar ya goge. Matarsa kan ce ko gaisawa yake da mutum, haƙora yake kallo, ba ido ba. Bai taɓa musu ba, don gaskiya ce.

Mutum ne mai ji da hannunsa, kai, har abin ya so ya yi yawa. Yakan ce tangaran ba ya fashewa rana ɗaya. Tsaga ce 'yar mitsitsiya, kowace tauna ta ƙara mata kaɗan, sai ranar da mutum ya gatsi burodi mai laushi hular ta dare, ya zo yana zagin mai burodi. Amma wadda ya gasa da kyau, in ji shi, sai ta kai shekara goma sha biyar.

To, sai ga hular yayarsa. Yaya tela ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka da haƙorinta na gaba ya karye, ya zuba duk iyawarsa. Wata goma sha huɗu hular ta yi ta fashe. Ya sake wata, ita ko shekara ba ta cika ba. Da ta uku ta dawo a fashe gida biyu cikin 'yar leda, likita ta ajiye masa a kan tebur, ta ce a hankali, "Baba, ko dai a duba idon nan?"

Maganar ta soke shi, tsoro kuma ya kama shi, don shi ma ya lura kwanan nan sai ya jawo fitila kusa kafin ya ga gefen hula. Ya ƙudurta a ransa, in har laifin nasa ne, ƙarshen wata zai ajiye burushi, ba zai zauna yana ɓata bakin mutane ba. Ya jera fasassun uku, ya sa tabarau. Duk a wuri ɗaya suka tsage, can gefen hagu, kowace da wani siririn zane. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Da hantsi ya tafi shagon Yaya, ya zauna a benci kamar mai jiran ɗinki. Yaya ta taka keke, ta kai ƙarshen layi, ta sunkuya, ƙit, ta datse zare da ɗan guntun haƙorin. Kafin ruwan da ta ba shi ya ƙare, ta yi haka sau tara.

"Haba Yaya!" Ya miƙe, daɗi da haushi sun haɗu masa. "Ina can ina zargin idona, ashe almakashi kika mayar da aikina? Ina naki?"

"Ji Auta da neman magana. Ga shi can a rataye."

Ya ɗauko ya sa mata a hannu. Ta yi ƙoƙarin zura babban yatsa, gaɓar ta kumbura, ta ƙi shiga. Sauran yatsun ma suka ƙi lanƙwasuwa. Almakashin ya faɗi a cinyarta. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Shekara huɗu ke nan ba na iya riƙe shi. Maƙwabciyata ke yanka min yadi. Don Allah kada ka gaya wa yara, suna ji za su ɗauke keken nan, in koma zaman jiran abinci."

Murnar ta fita daga ransa, kunya ta shiga. Ya san kowane lungu na bakinta, amma bai taɓa kallon hannunta ba. Ya mayar da almakashin kan ƙusa, ya koma benci.

"Gobe ki je likita ta sake aunawa. Ta huɗun zan yi mata kauri."

"Ai ba za ta yi kyau kamar na baya ba."

"Ba za ta yi ba," in ji shi. "Amma za ta yanke zare."