Ƙarfen da Nake Shayarwa

Rediyon nan ta shigo gidanmu a Salaga damina ɗaya bayan shekarar yunwa, shekarar da wuta ta cinye gonaki, aka kuma koro mutanenmu daga Ikko suka dawo da kaya a ka. Ina goyon autana ke nan, ko yaye ban yi ba. Abin da ya same mu a Yendi kuwa, sai da autan nan ya isa a aike shi kasuwa shi kaɗai, cikin azumin shekarar babban faɗan ƙasar nan. Wanda ya ga shekarar ba sai an gaya masa wace ce ba.

Maigidana ma'aikacin gidan waya ne, tun zamanin da ake buga tangarahu da ɗan yatsa. Da aka daina wannan aikin aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, wani ya ɗauki kujera, wani kabad, shi kuwa ya ɗauko mana akwatin ƙarfe mai nauyin buhun masara. Ba ta waƙa, ba ta labarin duniya. Sai kuka kamar na gyare, wani gajere, wani dogo. Ya ce min tashoshin bakin teku ne suke yi wa jiragen ruwa magana: ga guguwa nan tafe, fitilar wuri kaza ta mutu, akwai gungume yana yawo a kan hanya. Yana saurare yana mayar da kukan haruffa, sannan ya juya min da Hausa ina tsince shinkafa. Mutumin da babban ruwan da ya taɓa hayewa shi ne na Makango zuwa Yeji! Na ce masa, Malam, kana garin rijiyoyi kana damuwa da iskar teku? Ya ce ai shi ya sa, wanda ke cikinta ba ya jin daɗinta.

Abu biyu rediyon take so. Na farko waya doguwa, daga kan rufi zuwa bishiya. Na biyu ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, a haƙa rami, a zuba gawayi da gishiri, a binne, a jawo siririyar waya zuwa ɗaki. Kuma dole ƙasar wurin ta zauna da danshi. In ta bushe, muryoyin nesa sai su nutse cikin shuu. To shayar da ƙarfen nan shi ne aikina. Kowace la'asar in ɗebi ruwa in zuba masa. Ban taɓa ɗaukarsa wahala ba. Mazan wasu suna bakin tasha suna dara har a kira sallah, nawa yana ɗaki yana jin teku, kuma ni nake riƙe da rabin abin.

Da aka mayar da shi Yendi muka tafi da ita, muka kama gidan haya a zango, mai bishiyar darbejiya a baya. A nan ne ruwa ya zama magana. Salaga ba mai kallon abin da ka zubar. Yendi da rani kuwa mata suna tafiya mai nisa kafin su cika garwa, ni kuma ina tsiyaye kwano guda a gindin bango, inda ba shuka ba dabba. Shekara da shekaru ina yi. Har wurin ya yi ciyawa shar, tsakiyar rani, kamar an shimfiɗa darduma. Maƙwabciyata, wata Badagomba mai sayar da man kaɗanya, ta taɓa tambayata wa nake ba ruwa. Na ce ƙarfe. Ta yi dariya ta ce Hausawa dai ba ku faɗin gaskiyar maganinku.

Sai faɗan ya tashi. Ba zan ce wa ya fara ba, ni ba alƙali ba ce, kuma na yi ciniki da kowane ɓangare. Abin da na gani shi ne hayaƙi ta wajen ƙauyuka, da matan da suke shigowa gari ba ɗankwali, da kasuwar da ta watse. Daga Salaga ma labarin da ke zuwa ba daɗi. Aka kawo sojoji suka sauka a wata makaranta, aka sa dokar hana fita. Garin ya yi tsit irin wanda ko akuya ta taka kwano sai gabanka ya faɗi. Mutanen da kuke gaisawa har da tambayar yara suka koma ɗaga hannu daga nesa.

Wata safiya maƙwabciyar nan ta shigo kamar ta zo aron turmi, ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce ana maganar gidanmu a bakin famfo. Wai maigidana yana da na'urar da yake gaya wa mutanen daji inda sojoji suke. Wai an ji tana kuka. Na ce wa ya faɗa? Ta ce magana in ta kai bakin famfo ba ta da uwa.

Na gaya wa Malam. Ya ce rediyonsa kunne ce kawai, ba ta da baki, ko ya so ba ta aika komai. Na ce wannan kai ka sani, wanda ya zo da adda ba zai tsaya karatu ba. Ranar muka sauke wayar daga darbejiya. Don kada a gan ta a naɗe a ce mun ɓoye, na ɗaura ta a tsakar gida na shanya zannuwa a kai. Rediyon muka tura ƙarƙashin gado. Muka ce mun kashe magana. Mu a ganinmu abin da ke sama shi ake kallo. Ƙarfen da ke ƙasa ko tunawa da shi ba mu yi ba, don a wurinmu ya zama kamar murhu.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sojoji suka shigo. Ko sama ba su duba ba. Kai tsaye suka nufi ciyawar nan, da shebur a hannu, alamar an riga an kwatanta musu. A lokacin mutane suna binne bindigogi a bayan gida, suna yayyafa ruwa don ƙasar ta kwanta. Suka haƙa. Shebur ya bugi ƙarfe, duk suka ja da baya. Sannan gawayi ya fito, baƙi ƙirin, cuɗe da farin gishiri. Babbansu ya murza a yatsa ya shinshina, na ji ɗaya ya ambaci albarushi. Kowa ya san maƙeran daji da gawayi suke haɗa shi.

Malam ya yi bayani da Turanci, ya fito da rediyon da hannunsa. Babban ya ce to kunna mu ji jiragen naka. Ya kunna. Rana tsaka, ba waya, ƙarfe a tone. Shuu kawai. Ya murɗa, ya murɗa, shuu. Suka sa shi gaba da rediyon. Ya waiwayo ya ce min in kula da wuta a murhu, kamar mai zuwa masallaci.

Ban yi kuka a gaban kowa ba, mu ba a san gidanmu da haka ba. Na kwashe zannuwa, na kwance wayar. Maƙwabciyata ta riƙe min tsani na hau darbejiya da azumi a bakina, na ɗaura ta a reshen da take tun farko, don shaidar tana nan a jikin ɓawon. Na mayar da ƙarfe rami, na tattara gawayin da suka watsar, na ƙara gishirin miyata, na binne. Ruwan da na tanada don buɗa baki na juye masa rabi.

Kullum sai in kai abinci makarantar da suka tsare shi, in tsaya a ƙofa in ce ina son ganin babban. Ana kora ta ina dawowa. Ban ga Malam ba, kwanon dai yana fitowa wani lokaci a cinye, wani lokaci yadda na kai shi. Ranar da babban ya gaji ya fito, ya ce da ni da Hausar barikinsu, “Mma, me kina so?”

Na ce, “Ɗana, ka gwada abu da rana ka ce ƙarya ne. Tauraro ma da rana ba ka ganinsa. Ka kawo maigidana da rediyon gida bayan magariba. In ba ta yi kuka ba, ka haɗa da ni.”

Ya juya ya koma ciki. Washegari bayan an sha ruwa suka zo, shi da wani soja mai aikin rediyonsu, da Malam a tsakiya. Ya rame, kuma na lura yana karkatar da kai in ana magana, yana miƙo kunnen hagu. Shi kuwa da na dama yake saurare tun da na san shi. Malam ya haɗa wayoyi. Ya fara murɗawa. Akwai ƙananan kuka iri-iri can ƙasa cikin shuu, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya bai tsaya ba. A nan na gane ba ya jin su. Babban ya duba agogo. Wani soja da suka tsayar a ƙofa ya gyara bindiga a kafaɗa.

Ni ban san harafi ko ɗaya ba. Amma akwai wata tasha da kullum take buɗe magana da salo guda, kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya, na sha jin ta ina wanke-wanke har ina bin ta da cokali. Sai na ji ta, siririya, ya riga ya gota ta.

Na ce, “Malam, koma baya kaɗan. Masu luguden nan ne.”

Ya koma. Na ce tsaya. Sojan rediyon ya matso ya kara kunne, ya ɗauki fensir ya fara rubutu a bayan hannunsa. Can ya ɗago ya yi wa babban magana, Malam ya juya min daga baya: wai ana gargaɗin jirage, wata fitila a bakin tekun wata ƙasa mai nisa ta mutu. Babban ya yi tsaki, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ya ce Malam ya zauna gida, rediyo ta bi su. Ba mu ƙara ganinta ba.

Abin da ya sami kunnen nan ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Da hanya ta buɗe muka hau lore zuwa Bawku, wurin 'yan'uwana masu fataucin albasa. Ƙarfen ya tone ya taho da shi, ya jingine a bayan ƙofa, bai sake kafa shi ba. Wani lokaci in hadari ya haɗo daga gabas sai ya ce, ko yaya mutanen ruwa suke ciki yau.

Shi ya rasu a Bawku, ƙarfen yana bayan ƙofata. Maƙwabciyata ta Yendi na ji ta riga shi. Babban sojan ban san inda ƙasa ta kai shi ba. Wadda ta kai ƙararmu kuwa, daga baya na san ko wace ce, wata maƙwabciya ce daban, don ita kaɗai ke iya hango ciyawar ta kan katangarta. An ce tana nan da rai, ta makance, jikoki ke jan ta. Saura ni da ita, sai autana da ke tuƙin lore tsakanin nan da Kumasi.